Kwalba Mai Shuɗin Murfi

Juma'a, 1 ga Maris

Zuwa ga 'yar kawuna, Uwar Allura,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da jikoki, da wannan ƙafar taki da kullum kike kuka da ita. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Aiki ya yi mana yawa, wata makaranta ta ba mu kujeru ɗari biyu da tebura, injin yanka katako tun safe ba ya shan iska. Shi ya sa kika ga takarda maimakon waya. Kin san injin nan ya cinye min rabin kunne, in ana magana da ni a waya sai in yi ta "na'am, na'am" kamar wanda ake kira daga cikin rijiya. Ban da haka ma, wayar da aka ɗaga a wurin aiki kunnuwa ashirin gare ta. Direbanmu yana kawo kaya garinku duk Asabar ya juyo Litinin, to shi ne gidan wayarmu ni da ke.

Na gode da kika karɓi uwar yara. Yau kwananta tara a wurinki, gidan duk ya yi min faɗi. Ba don na raina asibitocinmu na turo ta ba, sai don ke kin yi shekara talatin kina soka wa mutane allura a babban asibiti, kin san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Kin dai ga abin da idonki: gashi ya fito mata a haɓa, ga ƙurajen fuska kamar na budurwa, ga murya ta buɗe. Kwanaki mai gyaran famfo ya yi sallama, ta amsa daga cikin ɗaki, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, maigida." Tun daga ranar ta daina amsa sallama. Mace mai shekara hamsin da biyar, wadda ko ɗaga murya ba ta taɓa yi min ba. Don Allah ki tsaya mata. Duk abin da likita ya ce a yi, a yi shi. Ni da na fara da guduma ɗaya da zarton aro, yau mutum goma sha takwas ke cin abinci a ƙarƙashina, ba za a ce matata ta rasa magani ba.

Sai wata 'yar magana, ba ta taka kara ta karya ba. Na duba durowar gefen gadona ban ga kwalbar man zafina ba, wata doguwa mai shuɗin murfi, irin wadda ake dannawa. Ina jin ta haɗa da kayanta bisa kuskure. Na kafaɗata ne. Ki karɓa ki ba direba ya taho min da ita. Kada ki manta, na san ku tsofaffi.

Ki gaishe ta, ki ce mata furanninta da kaina nake ba su ruwa.

Ubangidanki, ɗan gwaggonki,
Sarkin Zarto


Lahadi, 10 ga Maris

Bawan gidanmu,

Na amsa sallamarka. Lafiyarmu ƙalau, ƙafa kuma tana yi min biyayya fiye da yadda kake yi. Wa ya naɗa ka ubangida? Uwarka daga gidanmu aka ɗauke ta, har gobe kai ne mai riƙe min jaka. Wancan makon direbanka ya juya ban rubuto ba, don ina jiran sakamakon gwajin jini.

Ya fito, kuma ba zan yi maka kwana-kwana ba. Akwai wani sinadari a jinin mutum, mu a asibiti muna ce masa testosteron, kai ka ce sinadarin maza. Shi ke kawo gemu da kaurin murya da ƙarfin damtse. Mata ma suna da shi, amma ɗan kaɗan, kamar gishiri a miya. Na matarka ya kai na saurayi. Likita bai yarda ba ya sa aka sake, ya sake fitowa haka. A shekarunta, abin da aka fi tsoro in an ga wannan shi ne ƙari a ƙwan haihuwa. An yi hoto ba a ga komai ba, amma ya ce irin wannan ƙarin wani lokaci bai kai ƙwayar wake ba, ɓuya yake yi. Ranar Alhamis za a yi wani hoton da ya fi wannan gani.

Ya tambaye ta duk abin da take sha ko take shafawa, ta juye masa jakarta a kan tebur, ya duba ɗaya-ɗaya bai ga abin zargi ba. Har ya tambaya ko mijinta yana amfani da maganin maza. Ta ce mijinta ko na ciwon kai ba ya sha, cewa yake magani na ragwaye ne. Na ce wa likita gaskiya ta faɗa, tun yana yawo ba wando na san shi.

Maganar kwalba kuwa, kai dai ba ka jin kunya. Mutum goma sha takwas a ƙarƙashinka, kana aiko takarda tafiyar awa tara a kan man zafi? Ba kuskure ba ne, da saninta ta ɗauko. Ta ce wata biyar ke nan in ka fita ta shiga gyara maka ɗaki sai ta ɗan matsa ta shafa wa gwiwoyinta, kuma ba ta taɓa samun man da ya karɓe ta kamarsa ba, har wani ƙarfi take ji a jikinta. Ta ɓoye maka ne don ta san halinka a kan kayanka. Ta ce in roƙe ka ka bar mata, tunda a cike ta same ta. Ga sababbi biyu nan irinta sak na sayo maka a kemis, ka shafa har a kunnen da ya mutu.

Tana gaishe ka. Kullum da safe sai ta tsaya gaban madubi da matsefata tana cire gashin ɗaya bayan ɗaya, in na shigo ta ɓoye hannu a baya. Jiya ta ce min, "Yaya, ko dama tun tuni ya ga alamar abin nan a jikina, shi ya sa ya koma ɗakin baƙi?" Na ce mata ai minsharinka ne ka ce ba ka so ya riƙa hana ta barci. Minsharin ne, ko?

Uwar ɗakinka,
'yar kawunka


Juma'a, 15 ga Maris

'Yar kawu,

Ina gaishe ku gaba ɗaya, ina kuma yi wa mai jiki sannu. Ni lafiyata ƙalau, sai dai kaina ne ba ya tare da ni. Shekaranjiya na yanka falanki takwas a kan awon da ba shi ba, ni da nake korar ma'aikaci a kan rabin inci. Babban kafintana ya dube ni ya dubi katakon, kallon nasa ya fi min zagi ciwo.

Takardarki na karanta ta sau huɗu. Kwalaben da kika aiko sun iso, na gode, suna nan ban buɗe ba.

Ban san ta inda zan fara ba. Karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya, amma ba rashin karatu ne ya ɗaure min hannu yau ba. Akwai maganar da namiji zai gwammace a ce ya sa yatsa a bakin inji da ya faɗe ta. Ke ma'aikaciyar lafiya ce, kalma ɗaya ta ishe ki, don haka ga ta.

Abin da ke jikin uwar yara ba daga cikinta ya taso ba. Ni na shafa mata. Allah ya sani ba da niyya ba, amma ni ne. Akwai abin da na daɗe ina yi a ɓoye, ita ba ta sani ba, yara ba su sani ba, kuma hannuna ya ƙi rubuta shi. Ki koma ki tuna abin da na roƙe ki a takardata ta farko, za ki gane sauran. Ki yi abin da ya dace cikin hikima, irin yadda kuka saba a aikinku. Amma ki rufa min asiri, kada ta ji. Shekara talatin da huɗu tana kallona a matsayin da na gina da gumina, ba na so ya rushe a rana ɗaya.

In kin karanta ki yaga.

Ɗan gwaggonki


Lahadi, 17 ga Maris

Zuwa gare ka,

Gaisuwa ta addini kawai zan yi maka, ita ma don dole. Muna raye.

Ka ce in yaga in na karanta. To ba ni na karanta ba. Jiya tabarauna yana wurin gyara, jikata ta zauna a kai. Direbanka ya miƙo takarda muna zaune a falo ni da matarka, na ce, "Ungo, mijinki ne, karanta mana mu ji shirmen yau." Tana murmushi ta fara. Da wannan muryar da take jin kunyar fitarwa ta karanta min labarin falankinka, har muka yi dariya. Ta zo kan "ni na shafa mata" ba ta tsaya ba. Ta bi layi-layi har "kada ta ji", har "ki yaga". Sannan ta ninke takardar gida huɗu ta ajiye min a cinya, ta ce, "Ashe shi ya sa." Ta tashi ta shiga ɗaki.

Ashe shi ya sa. Shekara uku kana ɗakin baƙi da sunan minshari, ashe wata ka ajiye a waje. Gemu fari fat, ka je ka kwaso cuta ka kawo wa baiwar Allah. Da gwaggo tana raye da yau ta yi kuka. Abin da ka roƙe ni a takardar farko shi ne in tsaya mata, to ina tsaye, ba sai ka tuna min ba.

Kuma bari in cire ka daga duhu, tunda ka ɗauka kai likita ne. Babu wata cutar bin mata da ke sa mace gemu. Gobe zan kai ta a yi mata duk gwajin da ake yi a kan irin ƙazantarka, amma wannan daban, abin da ke damunta daban. Hoton ranar Alhamis ma bai nuna komai ba, sinadarin kuma bai sauka ba. Likitoci biyu sun zauna sun ce tunda ta wuce haihuwa, abin da ya fi shi ne a buɗe ta a cire ƙwayayen biyu gaba ɗaya, kada a zauna jiran abin da ke ɓoye ya girma. An sa ranar Alhamis, 4 ga Afrilu. Ka san tana da hawan jini, kuma ka san yadda ta sha wuya da allurar barci lokacin haihuwar autarku. Ba ƙaramin abu ba ne.

Ta ce kada a faɗa wa yara dalilin da ya sa ba ta son jin muryarka. Har yanzu asirinka take rufawa.

In kana da abin cewa, ka faɗe shi da Hausar da kowa ke ji.

'Yar kawunka


Lahadi, 31 ga Maris

Ɗan gwaggo,

Muna lafiya, ita ma da sauƙi. Asabar biyu ke nan direbanka yana zuwa hannu rabbana. Na tambaye shi ko ba ka da lafiya, ya ce garau kake, har ma kwanan nan ka fi fara'a.

Gwajin cututtukan ya fito, ba ta da ko ɗaya. Allah ya tsare ta.

Laraba da yamma za a ba ta gado, Alhamis da safe a shiga da ita. Ta riga ta haɗa jakarta: zane uku, carbi, matsefata, da kwalbarka, wai ko a asibiti gwiwa ba ta san ana ciwo ba. Ɗazu ta kira ni ta ce in rubuta maka wannan yadda ta faɗa, kada in ƙara kada in rage:

"Ki ce masa in ban farka ba, na yafe masa. Ita ma matar na yafe mata. Ya riƙe ta da kyau, kada ya bar ta ita kaɗai a ɗaki."

Na rubuta. Ni ban yafe ba.

'Yar kawunka


Talata, 2 ga Afrilu

Yaya,

Yau ba zan ce miki baiwa ba, ba zan ce tsohuwa ba. Ina gaishe ki, ina gaishe ta in za ta amsa. Ɗazu na kira ki na ce ki ɗauke kwalbar kuma kada a yi aikin, kika ce in yi bayani, na kashe waya. Bakina ne ya kasa. Ga direba nan na taso shi da mota babu kaya, ga bayanin, ga kuma wani ƙunshi. Wannan karon ki ba ta ta karanta da kanta.

Babu wata mace. Ba a taɓa yi ba. Ni da ko wadda ke gidana na kasa.

Shekara uku da suka wuce na fara jin kaina kamar katakon da gara ta ci, waje fenti lafiya, ciki gari. Falankin da nake ɗauka da hannu ɗaya sai na kira mutum. Da azahar in rufe ofis in ce lissafi nake, alhali barci nake a kan kujera. Damtse ya zube, tumbi ya fito, abu kaɗan in hau mutane da faɗa. Sha'awa kuma ta ɗauke ɗif, kamar an kashe fitila. Sau biyu abin kunya ya same ni a gabanta, ta ce ba komai, gajiya ce. Wannan "ba komai" ɗin ne ya kore ni ɗakin baƙi. Na ce minshari.

Na sha jiƙe-jiƙen masu talla a mota da lasifika har cikina ya lalace. Daga ƙarshe na je wurin wani likita a can ƙarshen gari, na shiga da tef ɗin awo a hannu don duk wanda ya gan ni ya ɗauka kabad na zo aunawa. Ya ɗebi jinina da sassafe har sau biyu, ya ce sinadarin nan da kika faɗa nawa ya yi ƙasa sosai. Ya ce yana raguwa da shekaru a jikin maza da yawa, ƙiba da ciwon suga da rashin barci suna ƙara ja da shi ƙasa, kuma ba kowa ake ba magani ba, amma ni na kai. Ya yi wasu gwaje-gwajen, sannan ya rubuta min wani mai fari kamar ruwa, a 'yan ƙananan leda, a shafa a kafaɗa duk safiya. Ya ce in wanke hannu da sabulu, in sa riga a kai, kada mace ko ƙaramin yaro su taɓa wurin. Ya lissafa min abin da yake yi wa mace in ya shiga jikinta: gashi, ƙuraje, murya. Ya ce in dawo bayan wata uku a duba kaurin jinina. Da zan fita ya ce, "Baba, ka faɗa wa matarka." Na ce to.

A kwalin an rubuta ko na mene ne, ita kuma ta fi ni karatu. Sai na sayi man zafi mai shuɗin murfi, na zubar da na ciki, na wanke kwalbar, na zauna a ofis na matse ledojin nan ɗaya-ɗaya a ciki. Har ina yaba wa kaina dabara. Aikin da na yi ya yi kyau har likitanku ya ɗauka ya duba ya mayar. Komawa wurin likitana kuwa ban yi ba, don ranar da na je na hango wani mai sayen kujeruna a layi, na juya. Takardar maganin da ya rubuta min tun farko nake ta kai wa kemis.

Maganin ya yi aiki, ƙarfi ya dawo. Amma ɗakinta ban koma ba, don in na koma sai na faɗi abin da ya fitar da ni. Ina ta cewa gobe. Na lura man yana saurin ƙarewa, na ce ai irin tina ne, ruwan sirka fenti, iska ke shanye shi. Da gashin ya fara fito mata, zuciyata ta raɗa min maganar likita, na ce mata ta yi min shiru, ai ban taɓa matar ba balle ya shafe ta. Ranar da ta tafi na buɗe durowa ban ga kwalba ba, a nan na sani. Takardarki ta farko ta tabbatar min. Tun ranar duk safiyar da ta shafa, da sanina ta shafa.

Da na rubuta "ni na shafa mata", na zaɓi kalmar ne don ki tuna da mai, ki ɗauke kwalbar a ɓoye, ta warke, ni kuma in tsira da girmana. Na so ki yi min aikin da ni ya kamata in yi.

Saura mafi muni, kuma shi ne dalilin shirun mako biyu. Da takardarki ta zo kina zagina da neman mata, Yaya, daɗi na ji. Na karanta "wata ka ajiye a waje" na ji kafaɗata ta miƙe. Na fita cikin ma'aikata ina raha, direba bai yi ƙarya ba. Na gwammace matata ta ɗauke ni mazinaci da ta san na gaza. Kullum in ce akwai sauran kwana kafin ranar aikin, wataƙila kwalbar ta ƙare da kanta, wataƙila likitoci su canza shawara. Ni da na san katakon da aka yanka ba ya komawa, na zauna ina ƙirga kwanakin da za a yanka matata.

Jiya saƙonta ya iso. Ta yafe min laifin da ban yi ba, har tana yi wa matar da babu ita addu'ar kada a bar ta ita kaɗai a ɗaki. Na karanta a tsaye a bakin inji, na kashe shi, na ce kowa ya tafi gida.

A cikin ƙunshin akwai kwalayen maganin da takardar likitan da lambar wayarsa. Ki kai wa likitocinku. In suna so in zo in faɗa da bakina a gaban kowa, zan zo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kuwa na ɓoye nawa har ruwa ya kusa cin wani.

Uwar yara, in ke ce ke karantawa: ban taɓa daina son ki ba. Kunyarki nake ji. Ban ce ki yafe ba.

Ni ne


Laraba, 3 ga Afrilu

Sarkin wawaye,

Mun kwana lafiya, kuma yau a gida za mu sake kwana. An fasa aikin. Babban likitan ya juya kwalin nan a hannunsa, ya buɗe kwalbarka ya sansana. Ya ce a daina shafawa, a sake gwaji bayan mako biyu, in ya sauka shi ke nan. Ya ce in faɗa maka ka koma wurin likitanka a duba jininka, wata bakwai kana shafa abu ba mai lura da kai. Ni ma ban wanke kaina ba, shekara talatin a asibiti, kwalba tana gabana kullum ina yi maka dariyar rowa.

Ta karanta takardarka ita kaɗai a ɗaki. Da ta fito ban tambaye ta ba. Ta dai ci abinci sosai.

Sau biyu na shafa man nan a ƙafata. In gemu ya fito min, kotu ce za ta raba mu.

Uwar ɗakinka har abada


Lahadi, 21 ga Afrilu

Baban yara,

Ina gaishe ka. Ina fatan kana cin abinci a kan lokaci. Ni jiki da sauƙi, gwiwa ce kawai ta dawo da halinta.

An sake gwaji, abin ya sauka. Likita ya ce ƙurajen za su tafi, gashin zai ragu a hankali. Murya ce ya ce kada in sa rai za ta koma yadda take gaba ɗaya.

Yafiyar da na aiko maka ta wancan laifin ce, wanda ba ka yi ba. Ka ajiye min abata. Wannan laifin daban ne, kuma ban gama auna shi ba.

Abu ɗaya nake so ka sani. Kai kana ɗakin baƙi kana jin kunyar abin da ka rasa, ni ina nawa ɗakin ina duba madubi ina neman abin da ya kore ka. Shekara uku. Da ka buɗe baki ka ce min ƙarfi ya ragu, da na ce maka ni ma nawa ya ragu, mu zauna mu yi hira. Abin da kake tsammani na rasa ba shi na fi rasawa ba. Har minsharin na yi kewa. Ka san abin da ya sa na fara taɓa kwalbar nan? Gwiwa na ciwo, gaskiya ne, amma akwai man zafi a ɗakina. Naka nake so, don shi ne abin da ke taɓa jikinka kullum.

Ba zan hau motar kaya in dawo ba. Ka zo da kanka. In mun koma, tare za mu je wurin likitan nan naka, ka bar tef ɗin awo a gida, ni kuma zan zauna a kujerar da ke kusa da kai in ji komai da kunnena. Magani ya zauna a cikin kwalinsa a kan tebur, da sunansa a jiki. Matashin kanka kuma ka san inda yake shekara talatin da ɗaya kafin ka ɗauke shi.

Yaya ta ce in ka zo kai za ka ɗauki jaka har mota.

In ka iso ka yi sallama ka ji murya mai kauri ta amsa daga ciki, kada ka ce "ranka ya daɗe". Ni ce. Kai ka ba ni ita, kuma da ita za ka ji sauran maganar.

Uwar yara